Kyara Da Hantara Suna Cutar Da Yaro

Maigida da uwargida, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu a gidan ya karanta wa sauran, maza da mata, har da kakanni, gama renon yaro ba na mutum ɗaya ba ne.

An sha gaya muku abubuwan da ke sa wa yara cuta, watau ruwa marar tsabta, da sauro, da ƙuda, da rashin allurar rigakafi. To, akwai wani abu kuma wanda ba daga rijiya ya ke fitowa ba, ba kuwa sauro ke kawo shi ba. Daga bakin manya ya ke fitowa, da irin zaman da su ke yi da yaro. Shi ne kyara da hantara. Likitoci sun lissafa shi cikin cin zalin yara, tare da mugun duka, da hana abinci, da lalata. Shi aka fi rainawa kuwa, domin ba ya fid da jini, ba ya barin tabo inda ido zai gani.

MECE CE KYARA?

Ba mahaifin da bai taɓa yi wa ɗansa tsawa ba. In ka ga yaro zai sa hannu a wuta, ko yana leƙen rijiya, ai tilas ka daka masa tsawa. Ba wannan mu ke nufi ba. Abin da mu ke nufi shi ne yaro ya tashi kullum, safe da yamma, ana nuna masa shi ba kome ba ne, ba a son sa, da ma ba a haife shi ba.

Ku saurari abin da a ke gaya wa waɗansu yara. "Sakarai." "Ɗan banza, ba za ka taɓa yin albarka ba." "Kin kwaso halin uwarki." "Ci, ai ba ubanka ya noma ba." Na ƙarshen nan gori ne, gori kuwa ya fi zagi zafi, domin ba yaro ne ya zaɓi gidan da zai ci tuwo ba. Ku lura da kyau, duk maganganun nan ba wadda ta gaya wa yaron laifin da ya yi, balle yadda zai gyara. An nuna masa shi kansa ne laifin.

Wani kuma ba a zaginsa, amma da tsoro a ke rainonsa. A ce za a jefa shi rijiya, ko a kulle shi a ɗaki mai duhu, ko a ce za a kai shi inda ba zai ƙara ganin uwarsa ba. Wani shariya a ke yi masa. Ya yi gaisuwa a ƙi amsawa, ya yi kuka ba mai tambayarsa, ya yi abin kirki ba mai cewa madalla. Wani a laƙaba masa sunan tsiya saboda i'ina, ko gurguntaka, ko farfaɗiya, har sunansa na yanka ya ɓace. Wani ma a ce maye ne. Yaron da ke kwance da dare yana jin ana dukan uwarsa, shi ma an cuce shi, ko da ba a taɓa jikinsa ba. Haka nan wanda kishiyoyi suka mai da shi ɗan kai habaici daga wannan ɗaki zuwa wancan.

Sa'an nan ga bambanci. Ranar salla a ɗinka wa ɗan mowa riga, a ce ta ɗan bora sai an sayar da gyaɗa. A sa wa wannan tsoka, a zuba wa wancan romo. Manya su kan ce yaro bai san kome ba. Ya sani sarai. Yaro ɗan shekara 4 ya san kwanon wa aka fi cikawa.

Waɗanda abin nan ya fi faɗa wa, ku ma kun san su: maraya, da agola, da ɗan riƙo, da naƙasasshe, da yaron da aka saki uwarsa ta tafi ta bar shi. Amma kada ku ce sai matar uba ke yi. Uwa mahaifiya ta kan yi, uba ya kan yi, yaya da kawu su kan yi, da yawansu kuwa ba su san cuta su ke yi ba, domin su ma haka aka yi musu.

Wani zai ce, to, kunyar ɗan fari fa? Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane. Wannan al'ada ce, ba ƙiyayya ba ce, kuma a babban gida a kan sami kaka ko goggo ta ɗauke yaron ta yi ta lallashinsa. Abin dubawa ɗaya ne: akwai mai rungumarsa kuwa? In kina zaune nesa da dangi, ba kaka ba goggo, to, ki ajiye kunyar a bakin ƙofar ɗaki. Jariri bai san kunya ba. Abin da ya sani kawai, an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba.

ABIN DA TA KE YI WA JIKI

Ka tuna ranar da ka yi kiciɓis da maciji a gona. Gabanka ya faɗi, zuciya ta yi ta bugawa, baki ya bushe, gumi ya karyo. Jiki ne ya zuba waɗansu sinadarai cikin jini don ka sami ƙarfin gudu. Da macijin ya wuce sai jikin ya koma daidai. To, yaron da a ke kyara, abin tsoronsa cikin gida ya ke, ba shi da wurin gudu. Jikinsa ya kan zauna cikin firgita dare da rana. Barci ba ya yi masa daɗi, abinci ba ya kama jikinsa, hankalinsa ba ya tsayawa kan karatu.

Wannan kuwa shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Kafin yaro ya wuce shekara 6, ƙwaƙwalwarsa ta kai wajen kashi 9 cikin 10 na girman ta babban mutum. Da abinci ta ke ginuwa, da kuma magana da wasa. Jariri ya yi gwaranci a amsa masa, ya yi murmushi a yi masa murmushi, ya yi kuka a zo.

An ga tabbacin wannan a wata ƙasar Turai, Romaniya. Sa'ad da gwamnatin ƙasar ta faɗi a 1989, aka tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen reno na gwamnati. Ma'aikaciya ɗaya ce ke duba yara barkatai, ba lokacin ɗaukarsu, ba lokacin yi musu magana. Da yawansu suka tsumbure, ba su yi magana kan kari ba, waɗansu sai su zauna suna ta rangaji su kaɗai. Daga shekarar 2000 masana suka bi yara 136 na irin gidajen nan a Bukares, babban birnin ƙasar. Aka ba da rabinsu riƙo ga iyalai masu kula. Waɗanda aka ba riƙon suka ƙara tsawo da nauyi, suka fi sauran fahimi da magana, tun ba waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara 2 ba. Kun ga ashe riƙo ba shi ne laifi ba. Riƙo mai kyau magani ne.

Abin kuma ba ya ƙarewa da ƙuruciya. Tsakanin 1995 da 1997 likitoci a Amurka suka tambayi manyan mutane fiye da 17,000 irin wahalar da suka sha a gida suna yara, ko zagi ne, ko duka, ko lalata, ko ganin ana dukan uwa, ko zama da mashayi. Sai aka ga waɗanda suka fi shan irin wannan wahala su suka fi kamuwa da ciwon zuciya, da ciwon hanta, da ciwon damuwa, da shaye-shaye, su ne kuma suka fi yunƙurin kashe kansu. Ba a ce duk wanda aka kyara zai lalace ba. Da yawa sun tsira, abin da ya kan tsirad da su kuwa shi ne samun babba ko da guda ɗaya wanda ya riƙe su da gaskiya.

Kada ku ce wannan zancen Turawa ne. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Najeriya, tare da asusun UNICEF na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bincika samari da 'yan mata a ƙasar nan. Aka sami wajen yara 6 cikin 10 an ci zalinsu ta wata hanya kafin su cika shekara 18. Yarinya 1 cikin 6, da yaro namiji 1 cikin 5, sun sha wulakanci daga mahaifi, ko mai riƙo, ko wani babba cikin dangi. Waɗanda suka sami taimako kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba.

YADDA ZA KU GANE

Yaron da a ke hantara ba ya iya faɗa da baki, amma halinsa ya kan nuna. Wani ya zama shiru-shiru, ba ya shiga wasa, ba ya haɗa ido da mutane, in ka ɗaga hannu don ka sosa kai sai ya kare fuskarsa. Irin wannan ne a kan yaba, a ce yaro mai ladabi, alhali kuwa tsoro ne. Wani kuma ya zama fitinanne, mai dukan ƙanana, mai cin zalin dabbobi, mai ƙarya da ɗauke-ɗauke. Wani ya riƙa kukan ciwon ciki da ciwon kai, a kai shi asibiti ba a ga kome ba. Wani ya riƙa firgita cikin barci, ko ya fi son kwana a kasuwa da komawa gida. Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, gama cuta ma ta kan kawo waɗansu daga cikinsu. Amma in kun ga yaro mai fara'a ya sauya farat ɗaya, lalle ku bincika.

FITSARIN KWANCE

Bari mu tsaya kan wannan, domin ba abin da a ke wulakanta yara a kansa a banza kamarsa. A kan ɗora wa yaro jiƙaƙƙiyar tabarmarsa a ka, a tara yara su bi shi suna ce masa amalala. Waɗansu su hana shi ruwa yini guda, waɗansu su doke shi da asuba. Duk wannan ba ya magani ko kaɗan.

Yaro ba da gangan ya ke yi ba, cikin barci ne abin ke zuwa. Cikin yara 100 'yan shekara 5, wajen 15 suna fitsarin kwance, kowace shekara kuma waɗansu su kan daina da kansu ba tare da magani ba. Abin ya kan bi jini, sau da yawa in an bincika a kan tarar uban ko uwar sun yi suna yara. Wani barcinsa ne mai nauyi, wani mafitsararsa ce ba ta riƙe da yawa tukuna, wani jikinsa ya kan tara fitsari mai yawa da dare, wani kuma taurin bayan gida ne ke danne mafitsarar. Yara masu ciwon sikila sun fi sauran yi, domin ƙodarsu ba ta iya rage ruwan fitsari sosai.

Ga abin yi. A bar shi ya sha ruwa isasshe da rana, a rage bayan magariba. Ya yi fitsari kafin ya kwanta. A shimfiɗa leda ƙarƙashin tabarma. Da safe ya taya ki wankewa ba tare da faɗa ba, kada kuwa zancen ya fita daga ɗaki. Amma ku kai shi asibiti in ya kai shekara 7 bai daina ba, ko yana jin zafi wajen fitsari, ko akwai jini, gama wataƙila tsargiya ce, ko yana yawan ƙishirwa yana ramewa, gama ciwon sukari ya kan kama yara. In kuwa ya daɗe da dainawa sa'an nan ya koma yi, ban da zuwa asibiti ku tambayi kanku, me ya sauya a gidan? An yi rasuwa? Uwarsa ta yi yaji? Wani yana tsorata shi?

DUKA DA HORON YUNWA

Duka mai barin shaida a jiki ba horo ba ne. Mari a kunne ya kan fasa dodon kunne, yaro ya rage ji. Bulala ta kan sami ido. Masu ƙona hannun yaro da wuta don ya ɗauki nama, da masu sa masa barkono a ido, laifi su ke yi wanda hukuma ke kamawa. Kada a hori yaro da hana shi abinci, musamman ƙarami, domin tamowa ba ta da wuyar shiga.

Ku kiyaye wannan ƙwarai: kada a jijjiga jariri da ƙarfi don ya yi shiru. Kansa da nauyi, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba. Jijjiga ta ɗan lokaci kaɗan ta kan sa jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa, yaro ya makance, ko ya shanye, ko ya mutu. In kukan ya ishe ki, ki kwantar da shi wuri mai kyau ki fita tsakar gida, ko ki miƙa wa wata.

In kuwa ka kai ɗanka wani wuri, ko riƙo ne, ko karatu, ko koyon sana'a, kada ka ɗauke ƙafa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, da tabon bulala a baya. Da yawa iyayensu ne suka kai su don a gyara musu hali. Ka riƙa zuwa ba da sanarwa ba, ka keɓe da yaron ku yi magana, ka ɗaga rigarsa ka duba.

LALATA DA YARA

Magana ce mai nauyi, amma tilas a faɗa. Binciken nan na 2014 ya nuna yarinya 1 cikin 4, da yaro namiji 1 cikin 10, an taɓa yi musu lalata ko an nemi yi. Yawanci ba baƙo ke yi ba, wanda yaron ya sani ne: maƙwabci, ko ɗan uwa, ko mai sayen kayan tallarta. Ku koya wa yara tun suna ƙanana cewa ba mai ikon taɓa musu al'aura, in wani ya gwada su zo su faɗa, ba za a doke su ba. Ku kula in yaro ya soma gudun wani mutum, ko yana zuwa da kuɗin da ba ku san asalinsu ba, ko yana tafiya da ƙyar.

In abin ya auku, ku gaskata yaron, kada ku ɗora masa laifi. Ku kai shi asibiti nan da nan, kada a tsaya wanke shi ko wanke tufafin. Akwai maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau, amma sai an soma sha cikin awa 72, watau kwana 3, a sha har kwana 28. Kada a karɓi kuɗi a ce a rufa asiri. Wanda aka rufa wa asiri yau, gobe ɗan wani zai nema.

TO, KADA A HORI YARO KE NAN?

A'a, a hore shi. Yaron da ba a kwaɓarsa shi ma an cuce shi. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa a hankali ya ke yi, don kada ya karye. Duka ya kan tsai da yaro a lokacin, amma abin da ya ke koya masa shi ne ɓoye laifi, da dukan wanda ya fi ƙarfi.

In ya yi laifi, ka bari fushinka ya sauka tukuna. Ka kira shi gefe, ba gaban abokansa ba. Ka faɗi laifin da sunansa: "Ka bar awaki sun shiga gonar mutane." Horon ya dace da laifin, watau ya bi ka ku je ku ba da haƙuri, ya taya gyaran shingen, yau kuma ba wasan dandali. In an gama an gama, a kira shi cin tuwo, kada a tayar da zancen gobe da jibi. Doka ɗaya ga ɗan kowane ɗaki. In ya yi abin kirki ka ce masa Allah ya yi maka albarka, ya ji da kunnensa. Yaron da bai kai shekara 3 ba kuwa bai san laifi ba tukuna, ɗauke shi daga wurin kawai, ka ba shi wani abin wasa.

Mun sani sau da yawa ba yaron ne ya jawo faɗan ba. Bashi ne, ko gajiya, ko rumbu ya yi ƙasa, ko ɓacin ran miji, sai a huce kan wanda ba ya iya ramawa. Maigida, in ka ga mai jego ta daina kula da jaririnta, tana yawan kuka, ba ta barci, kada ka ce mugun hali ne. Akwai ciwon damuwa da ke kama mata bayan haihuwa, yana da magani, ka kai ta asibiti.

IN A GIDAN MAƘWABCI NE

A 2020 aka ceto wani yaro a Jihar Kebbi, ɗan wajen shekara 10, wanda aka ɗaure tare da awaki har shekara 2 bayan rasuwar uwarsa. A cikin gari aka yi wannan, ba a daji ba.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta kare haƙƙin yara a 1991, ta kuma kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003, jihohi suka bi baya da tasu. Saboda haka wanda ya kai ƙarar cin zalin yaro ba shisshigi ya yi ba. In abin kyara ce da hantara, ka fara da mai gidan cikin sirri da lalama, ko ka sa wani dattijo ko liman wanda ya ke jin nauyinsa. Ke kuma maƙwabciya, ki jawo yaron jikinki, ki kira shi da sunansa na gaskiya, ki sa shi cikin 'ya'yanki in an zauna ci. In ba a daina ba, a gaya wa mai unguwa ko dagaci, ko malamin asibiti, ko ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. In kuwa akwai rauni, ko ɗauri, ko yunwa, ko lalata, ba a jiran sulhu. A kai yaron asibiti, a sanar da 'yan sanda a ranar.